Masu Sojan Gona a Fagen Ilimi

Assalamu alaikum. Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan zama, da ku da kuka bar harkokinku kuka zo.

'Yan uwa, akwai mutum biyu da suke kama da juna idan ka hango su daga nesa. Dukansu suna ambaton littattafai, dukansu ana kiransu masana. Ɗaya mai zurfin tunani ne, ɗayan sojan gona yake yi. A ganina ba ka raba su sai ka kai kowannensu iyakar saninsa, ka ga yadda zai yi.

An ruwaito cewa an yi wa Imam Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan hijira, tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da "ban sani ba". Ku duba wannan da kyau. Malamin Madina ne, mutane suna niƙo gari daga nesa don su ji fatawarsa, amma bai ji nauyin furta wannan kalma a gaban jama'a ba. Ya san inda iliminsa ya tsaya, ya kuma san cewa amsar shaci-faɗi cin amanar mai tambaya ce. Mai sojan gona ba zai iya haka ba, domin duk abin da ya mallaka shi ne kallon da ake yi masa. Yau ya yi sharhi kan tattalin arziki, gobe kan magani, jibi kan tarihi, duk da murya ɗaya ta tabbaci.

Masu bincike sun taɓo wannan. A 1999 David Dunning da Justin Kruger na Jami'ar Cornell a Amurka sun jarraba ɗalibai a fannoni kamar nahawu da mantiƙi. Waɗanda suka fi kowa faɗuwa sun zaci sun fi yawancin abokansu. Dalilin da suka bayar shi ne, ƙwarewar da ake buƙata a yi abu daidai ita ce dai ake buƙata a gane an yi kuskure.

Sai batun harshe, kuma nan ne abin ya fi damuna. Wanda ya fahimci abu yana iya sauke shi har ɗan makaranta ya gane. Wanda bai fahimta ba sai ya ɓuya a bayan manyan kalmomi, kai kuma ka koma gida kana zargin kanka da ƙarancin basira. A 1996 wani masanin kimiyyar fiziks, Alan Sokal na Jami'ar New York, ya rubuta maƙala da gangan, ya cika ta da kalmomin ƙawa da maganganu marasa kan gado, ya aika wa mujallar Social Text. Suka buga. Daga baya ya fito ya bayyana cewa gwaji ne. Malaman jami'a ne fa suka karanta suka amince, ba 'yan koyo ba. Idan ado ya ruɗe su, to mu yi hattara.

Kada a ce na hana amfani da kalmomin fanni. Likita da injiniya suna da nasu, kuma da amfaninsu. Abin dubawa shi ne, in ka ce masa "fahimtar da ni", zai sauko ne ko zai ƙara hawa?

Haka nan ku lura da shi ranar da hujja ta juya masa baya. Imam Shafi'i ya sake duba ra'ayoyinsa da dama bayan ya bar Iraƙi ya koma Masar, shi ya sa har yau almajiran mazhabarsa suke maganar tsohon ƙauli da sabon ƙauli. Babu wanda ya ga hakan a matsayin kasawa. Mai sojan gona kuwa, in ka kawo masa hujja, sai ya bar maganar ya koma kanka: waye malaminka, ina takardunka?

Ku ɗalibai da ke wannan zaure, ku riƙa yi wa duk wanda ya burge ku tambaya biyu cikin ladabi: a ina ka samo wannan, kuma wace hujja ce za ta sa ka janye? Ku yi wa kanku su ma kafin ku yaɗa magana, ni ma ku yi mini su yanzu da za a buɗe filin tambayoyi.