Ka ƙara faifai, amma df ya ce har yanzu a cike yake

Tambayar nan ta yi ta yawo kwanan nan: an saka wa sabar Linux sabon faifai, an yi lvextend, umarnin LVM (manhajar da ke haɗa faifai ta raba wurin ajiya) na ƙara girma, ya ce an gama lafiya, amma df -h, mai nuna wurin da aka cinye, na nan kan bakansa, kashi 98 cikin 100.

Farkon aikin ba wuya, ku bi matakan nan kawai. lsblk, ga baƙon nan, sdb, giga 100. pvcreate /dev/sdb, sai vgextend ya zuba shi cikin rukunin faifan LVM, vg0. Sai lvextend -l +100%FREE. Alamar tarawar nan kar a bar ta, in babu ita jimillar girma kuka faɗa masa, ba ƙari ba.

To, nan gizo ke saƙar. lvs, mai nuna girman da LVM ya ware, na cewa giga 150, df na cewa 50, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Ka sayi filin maƙwabci, takarda na hannunka, amma katangar gidanka ko gezau. Fili LVM ya ba ka. Katangar ita ce tsarin fayil ɗin da ke zaune a kai, ita kuma df ke aunawa. Girmanta a rubuce yake cikin superblock, wato kundin bayananta, tun ranar da aka gina ta da mkfs, kuma ba za ta matsa da kanta ba.

Kafin ka taɓa komai, df -T, ka ga irin ginin, wato nau'in tsarin fayil ɗin. In ext4 ne, resize2fs, ka ba shi sunan na'urar, /dev/vg0/data. In XFS ne, xfs_growfs, shi kuma inda aka ɗaura shi za ka ba shi, /data. Duk biyun ba sai ka sauke faifan ba. Dubi df yanzu. Yawwa.

Masu Red Hat, tun siga ta 7 a 2014 XFS ne naku. Ka kai masa resize2fs, zai jefo maka "Bad magic number in super-block". Ba abin da ya lalace, ƙofar da ba taka ba ce ka ƙwanƙwasa. Don Allah kar tsoro ya sa ka sake mkfs, shi ne zai share komai.

Ni dai da so samu ne, kowa ya riƙa liƙa -r a jikin lvextend, ya yi aikin biyu a bugu ɗaya. Sai dai a kan XFS ba na son +100%FREE ɗin nan, tunda ba ya ƙanƙancewa in ya girma. Ba shi -L +40G, ragowar 60 ta zauna a rukunin har ranar da wani sashen, kamar /var, zai fara kukan cika.