Toka cikin gashi: azumina a Roma

Jama'a barkanmu da war haka, mutanen Sakkwato ina gaisuwa, ku yi haƙuri da ƙarar iska, bisa tudu nike. Wanga coci da kuke gani bayana sunanta Santa Sabina, nan Roma, kuma nan ne bisa al'ada Fafaroma ke zuwa Misar Larabar Toka, ranar da muke fara azumin kwana 40, kowace shekara, a taso da jerin gwano daga wata coci can gaba kaɗan, Sant'Anselmo. Ginin Santa Sabina ya haura shekara 1,500. Bari in matso da kyamara ga ƙofar, itace ce, ku dubi can sama gefen hagu, Yesu ne bisa gicciye tsakanin ɓarayi biyu, yana cikin zanen gicciye mafi tsufa da suka rage a duniya.

Abin da ya sa na hawo nan yau, wurin ga shi ne hedkwatar 'yan Dominikan, ƙungiyar limaman da aka danƙa wa aikin Katolika a ƙasar Sakkwato, Bishop ɗin Sakkwato na farko ma, Edward Lawton, ɗan Dominikan ne, a 1964 aka yi dayosis ɗin. To da na tsaya nan sai na ji kamar na zo gidan kakanni.

Amma maganar toka nike son yi. Shekaranjiya Laraba na je Misa a cocin unguwarmu, na shiga layi, na miƙa goshi kamar yadda muka saba a Holy Family, cocinmu a Sakkwato, sai Fada ya ce in sunkuya, ya barbaɗa min tokar a tsakiyar kai. Haka suke yi nan Italiya ashe, ba sa zana gicciye a goshi. Kalmomin dai ɗaya ne, ka tuna kai turɓaya ne, ga turɓaya za ka koma. Na fito na hau bas, na taɓa goshina ba komai, ba wanda ya san daga inda nike, abin ya tsaya min a rai har dare.

Don a gida, kun sani, ka fito da baƙin gicciye a goshi ka bi ta kasuwa kowa ya gani, mai shayin bakin layinmu ma yakan ce min a'a, naku ya kama ke nan? Allah ya ba da lada. Sakkwato gari ne da ya san azumi, ba sai ka yi wa kowa bayani ba, ga zafin Maris, maƙogwaro ya bushe, maƙwabta Musulmi su aiko da kunu da ƙosai in nasu ya zo, Mama ta rama da Ista. Nan ko abokan aikina na cin taliya da nama ran Juma'a gabana, ba mai tambaya.

Da dare na sake buɗe karatun ranar, Matiyu sura 6, sadaka, addu'a, azumi, kuma duk ukun Yesu cewa ya yi a ɓoye su, in kana azumi ka shafa mai a kai ka wanke fuska, Ubanka da ke gani a ɓoye shi zai saka maka. Na sha jin wurin nan tun ina yaro ajin katikis amma sai bana ya kama ni, na tambayi kaina nawa ne cikin azumina na baya na Allah, nawa ne na idon mutane. Ban ce tokar goshi laifi ba ce, a wurinmu shaida ce mai nauyi, wasu da ƙarfin hali suke fita da ita.

Na kira Mama na ba ta labari, ta ce to ai wanda ya yi kan yana ganin tsakiyarsa. Sannan ta tambaye ni kuɗin naman da ba mu ci ran Juma'a ina nike kai su, don ita tun muna yara gwangwanin madara take tarawa ciki har kwana 40 su cika ta kai wa wata gwauruwa. Na ce Mama ban fara ba. Ta ce ka fara yau.

Ga gwangwanin nan cikin jaka, na tumatir na samu. Bari in sauka in kama bas, ƙarfe 6 za a fara addu'ar Hanyar Gicciye a cocinmu, tasha 14, ku sa ni a addu'a, nima ina sa ku.