Amsoshin Tambayoyinku: Tafiya a Ƙasa Daga Butre Zuwa Cape Three Points

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙu uku muka ware yau, kuma dukansu sun shafi bakin teku a yammacin ƙasar Ghana.

Ta farko daga Maraɗi take. Wani malamin makaranta ne zai kai wa ƙaninsa ziyara a Takoradi. Ya ce ya ji labarin baƙi suna takawa a ƙasa daga wannan garin masunta zuwa wancan, shi ne yake tambaya ko gaskiya ne, ta ina hanyar ta bi, kuma mutumin da bai taɓa ganin teku ba zai iya?

To Malam, gaskiya ne, kuma za ka iya. Yankin na mutanen Ahanta ne, yamma da Takoradi. Za ka hau motar haya, wadda can ake kira torotoro, ka sauka a Agona Nkwanta, daga nan ka sami ƙaramar mota ta gangara da kai Busua. Idan aka jero garuruwan daga gabas zuwa yamma, akwai Butre, sai Busua, sai Dixcove, sai Akwidaa, sannan Cape Three Points, wurin da ƙasar Ghana ta ƙare ta kudu. Gaba da nan akwai Princes Town da Axim. Tsakanin Busua da Dixcove bai fi tafiyar rabin awa ba. Busua zuwa Butre kamar awa guda ne, da ɗan hawan tudu. Daga Dixcove zuwa yamma ne tafiyar ke miƙewa, ƙauyuka su yi nisa da juna. Wani wurin ka bi rairayi, wani wurin ka ratsa gonakin rogo da kwakwar manja da dogayen layukan itatuwan roba. Mai ƙarfin ƙafa ya ware kwana biyu ko uku, yana kwana a ƙananan masaukan baƙi.

Amma ka saurara da kyau a nan, domin shi ne abin da ya fi damuna game da mutanenmu na tudu. A bakin teku ba kai ke tsara lokacin tafiya ba, ruwa ne. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a kwana guda. Kamar awa shida yana hawa, kamar awa shida yana sauka, kuma kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Rairayin da ka taka da hantsi a bushe, da azahar kana iya tarar da ruwa ya shafe shi har gindin duwatsu. Wata ne ke jan ruwan, shi ya sa cikar ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar. Mu da muke lissafi da watan Musulunci ma mun sami sauƙi, ka duba kwanan wata ka san irin ruwan da za ka tarar.

Inda haɗarin ya fi yawa shi ne bakin koguna, wurin da ruwan daɗi ke shiga teku. A Butre da Akwidaa akwai gadar katako ta masu ƙafa, amma wasu wuraren sai da kwalekwale. Kada ka ga ruwa iya gwiwa ka naɗe wando ka shiga. Ka nemi masunci ka tambaye shi, matambayi ba ya ɓata. Za ka same su da sassafe sun yi layi suna jan igiyar taru da waƙa, kowa ya kafe dugadugansa a rairayi yana ja da baya, mata na tsaye da manyan kwanoni suna jiran kifi ya fito. Ka gaishe su tukuna, ka fara da na hannun dama ka bi zuwa hagu kamar yadda suke yi, sannan ka faɗi garin da ka nufa. Su za su ce maka bi rairayi yanzu, ko hau ta tudu, ko zauna ka jira. Abin da suka ce shi za ka yi, ko da taswirar wayarka ta nuna akasin haka. Ranar Talata masunta da yawa a gaɓar Ghana ba sa fita teku, to ranar za ka same su zaune a gindin kwakwa suna ɗinkin taru.

Wanka kuwa, in ba ka iya iyo a teku ba, ka tsaya iya idon sawu. Akwai ruwan da ke komawa ciki da ƙarfi, yana jan mutum nesa da gaɓa cikin ƙiftawar ido, kuma iya iyo a gulbi ba ya hana shi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu. Ka guji Mayu da Yuni, domin wannan kusurwa ta fi ko'ina ruwan sama a Ghana, hanyoyin gona kan zama caɓi. Ka fita bayan asuba, ka riƙe ruwan sha da hula, ka kwana cikin gidan sauro.

Wasiƙa ta biyu daga wata Hajiya ce a Kumasi. Ɗanta da abokansa za su yi wannan tafiya, tana tambaya yaya za su yi da salla da abinci a garuruwan da Musulmi ba su da yawa.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Ruwan teku ana alwala da shi, domin ya zo a hadisi cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Alƙibla ma ba wuya, teku yana kudu, in suka fuskance shi gabas tana hannun hagu, sai su juya gabas su ɗan karkata arewa. Abinci kuma kifi ne ko'ina, soyayye ko banda, da dokunu da barkono, ga ruwan ɗanyar kwakwa. Su dai tambayi abin da aka sa a miya, su kuma sani cewa bammi da akpeteshie giya ce. Gara su yi Juma'arsu a Takoradi kafin su kama hanya.

Ta uku daga wani ɗalibi a Zariya, yana tambaya: waɗanne gine-gine ne na Turawa ake gani a kan tuddan waɗannan garuruwa?

Ɗana, tsofaffin sansanonin ciniki ne, na zinariya da na bayi. Wanda ke saman tudun Butre sunansa Batenstein, Turawan Holan suka gina shi a 1656, shekarar da suka ƙulla yarjejeniya da sarakunan Ahanta. Yanzu kango ne, amma daga kansa kana hangen bakin kogi da kwalekwalen garin gaba ɗaya. Na Dixcove, Ingilishi suka gina shi a ƙarshen ƙarni na 17. Sunansa na Metal Cross ya samo asali ne lokacin da ya shiga hannun Holan a musayar sansanoni da suka yi da Ingila a 1868, kafin su tattara su bar wa Ingila gaɓar duka a 1872. Na Princes Town kuwa na Jamusawan Brandenburg ne, tun 1683, suna kuma da wani ƙarami a Akwidaa. A 1979 hukumar UNESCO ta sa sansanonin gaɓar Ghana cikin wuraren tarihi na duniya. Hasumiyar fitilar da ke yi wa jiragen ruwa jagora a Cape Three Points ta zo daga baya, a 1925.

Ina roƙon duk wanda ya shiga ɗakunan ƙasa na waɗannan gine-gine ya shiga da natsuwa. Ba wurin raha ba ne. Cikin waɗanda aka gangaro da su gaɓar nan a ɗaure akwai mutanen arewa, daga ƙasashen da fatakenmu suka riƙa ratsawa a hanyar Gwanja neman goro. Su ma Ahanta ba su ji da daɗi ba. A 1838 Turawan Holan suka rataye sarkinsu Badu Bonsu na Biyu, suka yanke kansa suka tafi da shi ƙasarsu. An gano kan a cikin kwalba a asibitin jami'ar Leiden, sai a 2009 aka miƙa shi ga wakilan Ahanta suka dawo da shi gida. Dattawan Busua suna riƙe da wannan labari, in ka zauna da su cikin ladabi za su ba ka shi da bakinsu. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton kowa, kuma ka biya yaron da ya raka ka hanya haƙƙinsa.

Lokaci ya kama mu. Wasiƙar da ta zo daga Garwa kan kuɗin masauki da canjin sidi, wato kuɗin Ghana, tana hannunmu, da ita za mu fara a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.