Amsoshin Tambayoyinku: Rakun Mai Rauni a Bayan Gida

Mai gabatarwa: Jama'a barkanmu da warhaka. Wasiƙu sun taru, lokaci kuma ya ƙure mana, don haka yau ba doguwar gaisuwa. Likitanmu na dabbobi yana nan tare da ni. Wani mai sauraro daga Maraɗi yana tambaya ko akwai rakun a dazukanmu. Babu, Malam, dabbar Arewacin Amurka ce, ta fi muzuru girma, da baƙi kewaye da idanu da jela mai zobe-zobe. Wani ɗalibi a Kassel ta ƙasar Jamus kuma ya ce yaya aka yi suka cika musu gari? Sakinsu aka yi a 1934 kusa da tafkin Edersee, suka yi ta hayayyafa. Ka riƙa rufe kwandon shara, ka kuma mai da hankali ga karatunka.

Sai wadda za mu daɗe a kanta, don 'yan uwa da dama mazauna Amurka sun aiko da irinta. Wata Hajiya ce daga Baltimore. Ta ce da safe ta tarar da rakun kwance kusa da kwandon shara, yana jan ƙafar baya. Ta ajiye masa ruwa da ragowar shinkafa, yara kuma sun dame ta a shigo da shi gareji. Hajiya, Allah Ya saka da alheri, amma har da shinkafa? Dakta, bismilla.

Likita: To, ai rakun ɗin gabashin Amurka yana da tarihi. A ƙarshen shekarun 1970 aka kwaso wasu daga Florida aka kai yankin Virginia saboda mafarauta, ashe da masu cutar haukar kare a ciki. Daga nan ta bi gaɓar gabas ta bazu. Har yanzu Ma'aikatar Noma ta Amurka tana watsa abinci mai ɗauke da rigakafi daga jirgin sama, ana shafa masa warin kifi don...

Mai gabatarwa: Dakta, Hajiya tana tsaye a bakin taga tana jiranmu.

Likita: Haka ne. Kada ta taɓa shi, ko da safar hannu. Ta shigar da yara, in akwai kyanwa ko kare a kulle su a ɗaki. Ta daina ba shi abinci, don abincin zai jawo 'yan uwansa. Sannan ta buga 311, lambar wayar hukumar birni, ta nemi ma'aikatan kula da dabbobi na birni, ko ta tuntuɓi hukumar namun daji ta jihar Maryland su haɗa ta da mai lasisin jinyar irin waɗannan dabbobi. Ajiye shi a gida ba da lasisi ba laifi ne a jihohi da yawa.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita. Ba taɓawa, ba ciyarwa, a kira ma'aikata. Amma Dakta, ƙafa ce kawai ta karye, mota ce ƙila ta buge shi.

Likita: Ƙila. Sai dai shanyewar ƙafafun baya tana cikin alamomin haukar, tare da tangaɗi, da dalalar yawu, da rashin tsoron mutum. Akwai kuma wata cutar karnuka da ke kama su, ka ga kwantsa a ido da majina, dabba tana ta zagaye wuri ɗaya. Ita ba ta kama mutum, amma da ido ko ni ba zan rantse wacce ce ba. Kuma ga abin da masu tausayi ba su sani ba: in ya ciji wani ko ya yakushe shi, kashe shi za a yi, don a ƙwaƙwalwa ake gwada cutar. Wanda ya ɗauke shi da hannu yana iya jawo masa ajali.

Mai gabatarwa: Kun ji ko, yaran Hajiya? In kuma an riga an samu cizo fa?

Likita: A wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar. A Amurka ana yin allura a kewayen raunin, sannan rigakafi a ranar farko, da bayan kwana 3, da 7, da 14. Kada a jira alama, don in ta bayyana kusan ba a tashi. Wannan ya shafi na gida ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da ita duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Mu kuwa sai mu shafa toka mu ce ya warke.

Mai gabatarwa: Ni ma abin nan yana ci mini rai. Saura daƙiƙa kaɗan.

Likita: Kashinsa! Akwai ƙwan tsutsar ciki da kan hau ƙwaƙwalwar yaro in ya kai ƙasar wurin baki. Bayan an ɗauke rakun ɗin, a kwashe kashin da shebur da safar hannu, a kwarara tafasasshen ruwa, don bilic ba ya kashe ƙwan.

Mai gabatarwa: Mai tambaya kan jemagu a silin, ka yi haƙuri sai mako mai zuwa. Hajiya, ki rubuto mana yadda kuka ƙare da ma'aikatan. A huta lafiya.