Maganaɗisu Ba Zai Yi wa Iyayenmu Mata Aikin Motsi Ba

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Shekaranjiya a wajejen kasuwar Taminus a Jos na tsaya gaban wani mai talla da ya baje awarwaro da ɗamarar ƙugu masu maganaɗisu. Wata dattijuwa tana jujjuya awarwaron a hannu, ɗanta na zaro kuɗi, mai kaya yana rantsuwa cewa ƙashinta zai koma kamar na budurwa. Bayanta ya soma ranƙwafawa. Tun daga ranar abin yake cin raina.

Idan mace ta daina al'ada, sinadarin istirojin da ke kare ƙashinta yakan ragu ƙwarai, sai ƙashin ya riƙa zaizayewa ta ciki kamar icen da gara ta ci. Ba zafi, ba kumburi. Sai ranar da santsi ya kwashe ta a makewayi, wuyan hannu ko ƙashin kwatangwalo ya karye, a ruga wajen mai ɗori. Gidauniyar yaƙi da wannan ciwo ta duniya ta ce mace 1 cikin 3 da suka haura shekara 50 za ta samu irin wannan karaya.

To, ina gaskiyar maganaɗisu? Akwai na'urar asibiti mai aika bugun maganaɗisu da lantarki, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita tun 1979 don karayar da ta ƙi haɗewa. An gwada ta a kan zaizayewar ƙashi, amma gwaje-gwajen ƙanana ne, sakamakonsu bai zo ɗaya ba. Awarwaron kasuwa kuwa ko kusa ba wannan na'ura ba ne, kuma babu wata hujja da ta nuna yana ƙara wa ƙashi ƙwari. Mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji ma, nesa da maganaɗisu ya fi masa.

Abin da ƙashi yake ji shi ne nauyi. Idan aka ɗora masa aiki sai ya ƙara gini, idan aka bar shi sai ya saki. Shi ya sa 'yan sama jannati, da suke yawo inda jiki ba shi da nauyi, sukan rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙwarin ƙashin ƙugunsu a wata guda. A Ostareliya kuwa, masu bincike na Jami'ar Griffith sun raba mata 101 masu raunin ƙashi gida biyu. Waɗanda suka ɗaga nauyi sau 2 a mako, minti 30 kowane zama, har wata 8 a gaban ƙwararre, ƙwarin ƙashin bayansu ya ƙaru da kusan kashi 3 cikin 100. Na sauran raguwa ya yi.

A nan ne nake son mu dubi kanmu. Da zarar uwa ta aurar da 'ya'ya, sai mu ce, "Hajiya, ki zauna ki huta, ga yara nan." A karɓe tsintsiya, a karɓe taɓarya, ko unguwa za ta sai an tsayar mata da Keke. Sanyin Jos ya zo, ta wuni a ɗaki cikin bargo, ranar da fata ke buƙata don samar da bitamin D ba ta taɓa ta ba. Ƙauna ce ta sa mu, na sani, amma ƙaunar nan tana cin ƙashinta.

Ku bar Mama ta taka da ƙafarta. Ta hau ɗan tudun unguwa da hantsi, ta tashi daga kujera ta zauna sau goma ba tare da dafa gwiwa ba, ta tsaya da ƙafa ɗaya tana riƙe da bango, don faɗuwa ce ke kawo karaya. Kuɗin awarwaro a sayo kindirmo, riɗi, zogale, ƙananan kifin da ake ci da ƙaya, da tamba da ake nomawa a nan Filato, domin duk suna da kalsiyam.

Wadda ta taɓa karyewa daga 'yar faɗuwa, ko tsawonta ya ragu, ko baya ya fara doro, kada ta fara ɗaga nauyi da kanta. A kai ta asibiti, likita ya duba, domin akwai magunguna irin su alendronate da aka tabbatar suna rage karaya, kuma likitan motsa gaɓɓai zai nuna mata abin da jikinta zai ɗauka.

A huta lafiya.