Amsoshin Tambayoyinku: Tsohuwar Taraktar Lambu da Kaskon Yankan Ciyawa

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da war haka daga nan Kaduna. Damina ta kankama, ciyawa ta tashi a filayen makarantu da gidajen gona, shi ya sa wasiƙun wannan mako suka karkata kan ƙananan taraktocin nan da ake hawa a yanke ciyawa. Baƙonmu dattijo ne da ya tsufa a gyaran ƙananan injina. Baba, barka da zuwa.

Makanike: Barka kadai, ɗana.

Mai gabatarwa: Wasiƙar farko daga Malali take. Malamin ya ce ya gaji wata ƙaramar tarakta koriya mai hoton barewa daga mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa. Shekara tara tana ajiye a gindin mangwaro. A jikin injin an rubuta Briggs & Stratton. Yana son sanin shekarunta, kuma har ya yi ciniki da mai fenti.

Makanike: Amin. Malam, ka je ka ba mai fenti haƙuri tukuna. Fenti shi ne aikin ƙarshe. Na sha ganin wanda ya kashe kuɗi ta fito tana ƙyalli, kyan ɗan maciji, aka zo tayarwa aka tarar fistin ya manne.

Mai barewar nan John Deere ce, 'yar Amurka. Tun 1963 kamfanin ya fara ƙera irin waɗannan ƙananan, don haka akwai tsofaffi sosai a cikinsu. Shekarun injin kuwa suna jikinsa. Ka goge murfin ƙarfen, za ka ga lambobi kashi uku da aka buga. A kashi na uku, biyun farko su ne shekarar da aka ƙera shi, biyu na biye wata, sai rana. In ka ga ya fara da 88, to 1988 ke nan. Ka kwafe lambobin duka a takarda, domin da su ake neman kayan gyara. Mai shago ba ya gane "irin koriyar nan".

Sannan kada ka kawo batir ka murɗa makulli. Cire fulogi, ka sa hannu a saman injin ka juya shi. In ya juya, alhamdu lillahi, rabin aiki ya ƙare. In ya ƙi, ka zuba cokali biyu ko uku na baƙin mai gauraye da kananzir ta ramin fulogin, ka bar shi kwana uku, ka dawo ka riƙa girgiza shi gaba da baya a hankali. Ban da dogon ƙarfe, ban da guduma.

Mai gabatarwa: To in ya juya, sai a zuba fetur?

Makanike: Saura kaɗan. Injin nan ba shi da lagireto, iska ce ke sanyaya shi. Fanka ce a sama take hura iska ta tsakanin haƙarƙarin ƙarfen da ke jikin silinda. Shekara tara a gindin bishiya, na rantse maka ɓera ya yi sheƙa a ƙarƙashin murfin, zanzaro kuma ya yi gininsa na laka. In ba ka buɗe ka share ba, zai tashi lafiya lau, ka yi murna, bayan minti ashirin ya ɗau zafi ya ƙone. Wannan shi ya fi kashe tsofaffin injina a hannun sababbin masu su, kuma abin haushi, aikin kusoshi huɗu ne ko biyar.

Af, tunda na ambaci kusoshi: tsofaffin injinan Amurka da awon inci aka yi su. Kan kusa mai rabin inci milimita 12.7 ne. Sifana mai lamba 13 za ta shiga, amma da ɗan sako-sako, in kusar ta yi tsatsa sai ta cinye kan ta mulmule shi. Ka nemi sifanun inci, ana samunsu cikin kayan gwanjo.

Daga nan sai tanki. Fetur in ya daɗe yakan bushe ya bar wani abu mai danƙo kamar ƙaro, shi ke toshe kafireta. Juye tankin, wanke shi, canza tiyon mai don ya riga ya tsattsage. A kwance kafireta a jiƙa a wanke. Ramin da mai ke bi bai fi kafar allura ba, to kada a tsokane shi da allurar, faɗaɗa shi za ta yi injin ya koma shan mai da baƙin hayaƙi. Silin waya ɗaya na tagulla ya isa. Sabon fulogi, sabon baƙin mai, sabuwar matatar iska, batir mai bolt 12. Kuma ba sai ka nemi makaniken mota ba. Mai gyaran janareta na unguwarku ya fi shi sanin wannan inji, jinsinsu ɗaya.

Mai gabatarwa: Madalla. Ta biyu daga wata Hajiya ce mai makaranta a Rigachikun. Ta ce tasu tana aiki, amma da an kunna yankan sai duk taraktar ta ɗau rawa, bel kuma ba ya wuce mako biyu. Ta ce kwanan baya wuƙa ɗaya ta tsage, an kai an yi mata walda.

Makanike: Inna lillahi. Hajiya, don Allah yau ɗin nan a ajiye ta, kada a sake kunna ta a filin da yara ke wasa. Wuƙar nan tana juyawa wajen sau 3,000 a minti guda. Ƙarfenta an gasa shi ne a masana'anta, zafin walda yana lalata wannan gashin, gefen ɗinkin ya zama mai saurin karyewa. Ranar da ta daki dutse, ɓallin zai fita kamar harsashi. Ni mutumin Panteka ne, can na yi ƙuruciyata, kuma na san babu abin da hannun mutanenmu ba ya ƙerawa. Kaskon da wuƙaƙen ke ciki in ya ruɓe, a kai musu, za su yanka faranti su toshe, ya fi sabo ƙwari. Kujera, murfi, ƙugiya, duk a kai. Wuƙa kam a'a. Sabuwa za a saya, ko da sai an yi odarta.

Rawar da take yi kuma daga nan ne. Waldar ta ƙara wa gefe ɗaya nauyi. Ga gwajin da kowa zai iya: kafa ƙusa a bango, rataya wuƙar ta ramin tsakiya. In ta tsaya a kwance, daidai take. In gefe ɗaya ya rinjaya, sai a rage shi da magagari. Ko sabuwa aka wasa, a yi wannan gwajin. Wajen mayarwa kuma, lanƙwasar bayan wuƙar sama take kallo, wato cikin kasko. Na taɓa zuwa wata gona na tarar sun yi wata guda suna dukan ciyawa da bayan wuƙa, suna zagin inji.

Mai gabatarwa: To bel ɗin fa, Baba?

Makanike: Wuƙa mai rawa tana cinye boris ɗin sandar da take ɗaure a kai, boris in ya mutu fuli, wato faifan da bel ke bi ta kansa, ya karkace, fuli kuma ya ci bel. A cire bel, a juya kowace sanda da hannu. In ka ji ƙurrr, ko tana lilo, boris ya tafi. Wannan ba abin damuwa ba ne, akwai lamba a gefensa, sau da yawa 6203 ko 6204, masu kayan babur da na injin ban-ruwa suna da shi. Kuma ina zargin fambel na mota ake sa mata. Na yankan ciyawa daban ne, an naɗe shi da zare mai ƙarfi saboda yana lanƙwasa ta ciki da ta baya. Araha ba ta ado, Hajiya. Kafin kowa ya sa hannu a ƙarƙashin kasko, a zare wayar fulogi. Kafin yanka kuma a sa yara manya su zaga filin su tsince duwatsu, a yi wa suri alama. Bayan yanka a kankare ɗanyar ciyawar da ta manne a ciki, ita ke ruɓar da ƙarfe.

Mai gabatarwa: Wani matashi daga Kawo ya ce da ya tashi daga kujera sai injin ya mutu, makanikensa ya ce zai haɗe wayoyin.

Makanike: Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Lafiyarta ƙalau, ɗana. Makunni ne a ƙarƙashin kujera, an sa shi don in ka faɗo wuƙa ta tsaya. A bar shi.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe a gurguje, daga Barnawa: wane baƙin mai, kuma yaushe ake canzawa?

Makanike: A zafin garin nan, mai lamba 30 ya wadatar. A canza duk bayan awa 50 na aiki, ko sau ɗaya a damina. A duba sandar awo kullum kafin a tayar, don tsohon inji yana shan mai a ɓoye. In hunturu ya shigo aka gama yanka, a bar injin ya shanye fetur ɗin da ke cikinsa har ya mutu da kansa, a cire batir, a rufe ta saboda ƙura.

Mai gabatarwa: Baba, mun gode. Malam na Malali, in ka samo lambobin nan ka aiko mana. Akwai wasiƙu biyu kan injin ban-ruwa da lokaci bai bari mun karanta ba, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.