Amsoshin Tambayoyinku: Na faɗi zaɓe, in ci gaba da shiga harkar jama'a ko in koma gonata?

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa cikin shirin amsoshin tambayoyinku daga nan birnin Tahoua. Satin nan saƙonni sun taru sosai, amma guda uku na ware saboda duk kan magana ɗaya suka zo, sauran ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Na farko daga wani bawan Allah ne can wajen Illela, ya ce kar a faɗi sunanshi kuma ba za mu faɗa ba. Ga abin da ya rubuto: "Malam, na tsaya takarar konseye, wato ɗan majalisar ƙaramar hukuma, a zaɓen watan Disamba na 2020, ni ne na huɗu a jerin 'yan takarar jam'iyyarmu, sai muka samu kujera biyu kacal. Na saida bijimaina biyu da albasar da na ajiye, ƙanena da ke bida a Abijan ya aiko da nashi, duka suka tafi wajen esans da goro da atamfa da shayin samari. Washegarin sakamako waɗanda ke kwana ƙofar gidana ko gaisuwa babu. Amma har yau in fanfo ya lalace ko aka samu matsala a lakkol, wato makaranta, sai a zo a ce in shiga gaba. Uwargida ta ce in fita harkar mutane in kama gonata. Don Allah akwai wata riba cikin wanga abu bayan an faɗi?"

Toh ɗan'uwa, da farko sannu, Allah ya mayar maka da alheri. Ban ɗauki maganar bijiman nan da wasa ba, duk wanda ya tashi a ƙauye ya san mi ake nufi da mutum ya kai shanun hurɗarshi kasuwa, kuma ita ma uwargida tana da gaskiyarta, ita ce ta ga tukunya ranar da babu, saboda haka kar ka ga kamar ba ta ƙaunar ci gabanka.

Ƙofar gidan nan da ka ce ta zama wayam na san ta, na gan ta da idona. Wani kawuna ya tsaya a zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, lokacin ina saurayi ni ke dafa shayi a zauren gidan, sati uku tabarmi ba su isar mutane, takalma sun cika bakin ƙofa har sai ka tsallaka, kullum ana sauke shinkafa tukunya biyu. Daren da sakamako ya fito na hura gawayi kamar kullum na ɗora buta, muka zauna ni da shi da wani tsoho makwabcinmu, mu uku rak, shayin ya dahu har ya ƙone ba wanda ya ce a zuba. Da asuba bayan an sallame ya ɗauki sandarshi ya tafi gidan wanda ya kada shi ya yi mishi barka, ya dawo ya ce mini in naɗe tabarmin nan in bar guda biyu, masu zuwa don Allah ba za su wuce haka ba. Wallahi haka aka yi. Amma waɗannan tabarmi biyu ba su taɓa zama ba kowa ba har ya bar duniya, matsalar gona, rikicin makiyayi da manomi, matar da aka kai likita babu kuɗin magani, duk nan ake kawowa.

Na san in aka yi irin wannan tambaya abin da kowa ke saurin kawowa shi ne labarin manya, kuma gaskiya ne akwai shi, ba sai mun je nesa ba ma. Mahamadou Issoufou ɗan Dandaji ne, nan cikin yankinku na Illela, ya nemi shugabancin ƙasa a 1993 bai samu ba, 1996 bai samu ba, 1999 ya kai zagaye na biyu Tandja ya kada shi, 2004 suka sake haɗuwa Tandja ya sake kada shi, sai 2011 ya samu da kusan kashi 58 cikin ɗari a gaban Seini Oumarou, shekara 18 kenan tun takararshi ta farko. Shi kanshi Tandja Mamadou a 1993 shi ya zo na ɗaya a zagayen farko, amma sauran jam'iyyu suka haɗa kai bayan Mahamane Ousmane aka kada shi a zagaye na biyu, sai 1999 ya hau. Ka leƙa Najeriya, Buhari ya faɗi 2003, 2007 da 2011 kafin 2015. A Senegal Abdoulaye Wade sau huɗu yana faɗuwa tun daga 1978 kafin ya ci a 2000. Ba ina yabon mulkin kowa cikinsu ba ne ko kushe shi, wannan kowa da ra'ayinshi, lissafin shekaru kawai na kawo.

Amma ni ba na son in sallame ka da wannan labarin kaɗai, don in na yi haka na yaudare ka. Akwai waɗanda suka yi ta tsayawa har rai ya yi halinsa kujerar da suke nema ba ta zo ba. Marigayi Moumouni Adamou Djermakoye ya tsaya 1993, 1996, 1999 da 2004, bai taɓa zama shugaban ƙasa ba, ya rasu a 2009 yana cikin harkar, kuma ba wanda zai ce maka rayuwarshi ta tafi a banza. Saboda haka in ribar da kake tambaya ita ce tabbas wata rana za ka zauna kujera, ba ni da wannan tabbacin, ba wanda ke da shi sai Allah. Balle yanzu da kiɗa ya canza, kowa ya sani tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka dakatar da harkokin jam'iyyu, a watan Afrilu 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙo, a watan Maris 2025 kuma aka rusa jam'iyyun su kansu. Kenan waɗanda suka kada ka ma yau ba su kan kujerun, mutum biyun da suka shiga daga jerinku suna gida kamar yadda kake gida.

To mi ya rage? Abin da ka rubuta da hannunka a ƙarshen takardarka shi ya rage, cewa in fanfo ya lalace ƙofarka ake bugawa. Ɗan'uwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, ka tsaya ka duba shi da kyau. Masu cin shinkafa sun watse tun washegari, amma matar da ke tashi tun kiran assalatu ta bi layin ruwa ita ba ta watse ba, ita ce ta ce a je a kira wane, don ta ga kai in ka je meri, wato ofishin magajin gari, ka san ofishin da za a shiga, ka san yadda ake rubuta takarda, ba ka jin tsoron tsayawa gaban mai mulki ka yi magana da ladabi. Wannan sanin da kuɗin bijimanka ka saye shi, kampanye ce ta sa ka taka kowane ƙauye da kowace rugga ta yankinku, ka san inda yara ke karatu cikin ajin zana, ka san garin da in mace ta fara naƙuda sai an ɗora ta a amalanke. In ka rufe ƙofa yanzu, to a nan ne asarar za ta cika, bijimai sun tafi kuma sanin ma ya tafi.

Kuma aikin nan bai buƙatar tuta ko hula mai hoto. Kwamitin iyaye da ke kula da lakkol, wanda muke ce wa COGES, yana nan a kowane gari kuma sau da yawa mutum biyu uku ne ke ɗauke da shi sun gaji. Akwai kwamitin likita, akwai na fanfo da ke tara kuɗin gyara, akwai ƙungiyar manoman albasa da kowace shekara ke kukan faɗuwar farashi lokacin cira da rashin wurin ajiya. Ga maganar takardar haihuwa, yara nawa ne a ƙauyukanmu ke kaiwa lokacin jarrabawa sannan a gane ba su da ita? Mutum ɗaya mai haƙuri da zai bi gida gida ya tara sunaye ya raka iyaye meri, wallahi ya yi abin da wani konseye bai yi ba cikin shekara biyar. Mu mutanen Adar ai ba baƙon abu ba ne gare mu, ku tuna aikin raya ƙasa na Keita da aka fara a 1984, mata ne da yawa suka ɗauki duwatsu bisa kai suka tare ruwa har fako ya koma gona, ba wadda aka zaɓa cikinsu.

Sharaɗi ɗaya zan gindaya maka, kuma a nan ina bayan uwargida ɗari bisa ɗari: kar ka sake taɓa abincin gida saboda wannan harka. Ka ba da ƙafarka da bakinka da lokacinka, amma rumbu na iyali ne, kuɗin ƙanenka na Abijan gumi ne na wanda ya bar ɗiyanshi ya tafi nema. In wata rana aka buɗe fage aka ce ka fito, ka ce wa masu cewa ka fito kowa ya kawo nashi, wanda ya sa dala ɗari cikin tafiya ba ya gudu washegari kamar wanda ya zo cin tuwo. Ka zauna da ita ka gaya mata wannan da bakinka, ka yi mata alkawari kuma ka cika, za ka ga ita da kanta za ta riƙa shimfiɗa tabarmar.

Saƙo na biyu daga wata baiwar Allah ce nan cikin gari, ta ce an sa ta a jerin 'yan takara don a cika ƙa'idar mata, ba ta ci ba, yanzu in ta fita biki sai a riƙa ce mata "Hajiya depite" ana dariya, ta ce ko ta daina zuwa taron mata gaba ɗaya.

Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, amma don Allah kar ki daina. Dokar nan ta kason mata tun shekarar 2000 aka yi ta da kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, aka kai 25 a 2019, kuma ba daga sama ta faɗo ba, mata ne suka yi ta fita suna shan irin wannan dariyar da kike sha har aka kai nan. Ko da cika lissafi aka sa sunanki, ke ce kika tsaya gaban jama'a kika riƙe makirfo kika yi magana, wannan ba wanda zai karɓe miki. Masu dariyar nan ki lura, ranar da ɗiyar ɗayansu za ta rasa gurbi a lakkol ko aka buƙaci wadda za ta yi magana da yawun matan unguwa, ke za su nema. Ki riƙe adashinku da ƙungiyarku, ki riƙa rubuta komi cikin kaye, wato littafin rubutu, kuɗin da ya shiga da wanda ya fita, amanar mata in ta tabbata a hannunki ta fi sunanki a jikin takarda nauyi nesa ba kusa ba.

Na ukun ɗan saurayi ne daga wata fada, wato majalisar da samari ke zaman shayi, gajere ne saƙon nashi, ya ce shi ya manna hotuna ya yi ta yawo da moto cikin rana, ɗan takararsu ya faɗi ya kashe waya, shi kam ya gama da siyasa har abada.

Ƙanena na ji zafinka, kuma wanda ya kashe muku waya bai kyauta ba, ko bai da ko sisi ya kamata ya zo fadarku ya zauna ya ce na gode. Amma kai ɗan Tahoua ne, garin da aka fara kokowar takobi ta ƙasa a 1975, ka sha ganin ɗan kokowa an kai shi ƙasa gaban dubban mutane ya tashi ya kaɗe rairayi ya rungumi wanda ya kada shi, baɗi kuma ka gan shi ya dawo fili. Abin da nake so ka bari shi ne bin mutum saboda jika biyu da esans. Ku nawa ne a fadarku, goma sha biyar, ashirin? Kafin damina ta faɗi ku zaɓi magudanar ruwa ɗaya da ke cika ta shiga gidajen mutane a unguwarku, ku yashe ta, ku je wajen mai unguwa ku ce a ara muku baro da shebur, in an hana ku koma, in an sake hanawa ku sake komawa. Sannan ka rubuto mini ka gaya mini yadda aka yi, zan karanta a wannan fili da sunan fadarku in kun yarda.

Lokaci ya cimma mu, mai kula da na'ura yana ta ɗaga mini hannu. Bawan Allah na Illela, a gaida uwargida, kuma maganar fanfon nan in har yanzu bai gyaru ba ka aiko mana da sunan garin mu sanar, ko akwai ɗan garin da ke bida a waje da zai ji ya taimaka. Sai mako mai zuwa, wassalamu alaikum.